Waya Ta Uku

Fijon Baba ta girme ni da shekara shida.
Fara ce a takarda, a ido kuwa launin kunun kanwa.
Duk Lahadi takan ɗauki buhu goma na riɗi
daga Garki zuwa Gujungu, ba ta taɓa cewa uffan ba,
sai bana.

Bana ta koyi shaƙuwa.
Ana cikin tafiya lami lafiya
sai ta yi tuntuɓe, ba dutse ba rami,
fat, fat, salansa ta yi kaki,
sitiyari ya yi rawa a tafin hannuna.
Kafin in ƙarasa salati ta miƙe
kamar ba ita ba.

Sau uku ina kai ta gareji a Ringim.
Gaban bakanike sai ta zama saliha,
injin na kaɗawa sumul kamar keken ɗinki.
Yaran gareji su dube ni, su dubi juna.
Ciwon da ke ɓuya in ya ga likita,
mai shi ake mayarwa maƙaryaci.

Na sauya fulogi huɗu, kuɗin zakara biyu.
Na wanke kafireta, na busa ta da bakina
har fetur ya kwana uku a harshena.
Na zargi ɗan bumburutun bakin tasha,
na daina amsa gaisuwarsa.
Kwana tara ta yi lamo. A na goma, da asuba,
a gangaren fadama, ta sake.

Aka ce in nemi Tsalha Mai Sifana a Doko.
Ya daɗe da ajiye aiki, idonsa ɗaya ya yi yana.
Ko bonet bai taɓa ba.
Ya zauna kan kifaffen turmi ya ce,
"Riƙe zatonka. Yaushe take yi?"
Na ce, sa'ad da ta ga dama.
Ya ce, "Ƙarfe ba shi da ganin dama. Tuna dai."
Na tuna: da sassafe. Bayan yayyafi. Gefen fadama.
Da rana tsaka ban taɓa jin ta yi ba.
Ya ce, "To a nan za ka ci tuwo. Sai duhu ya kankama."

Bayan lisha, babu farin wata, na tayar da ita.
Ya ce a kashe tocila.
Ya guntsi ruwan buta ya fesa wa wayoyin
yadda mai guga ke yi wa babbar riga.
Muka tsaya, sauro na cin rabonsa a ƙafafunmu.
Can sai ga ta:
'yar wuta shuɗiya, siririya kamar zare,
ta tsallako daga waya ta uku
ta sari jikin injin, ƙyas,
injin ya yi shaƙuwar nan da na sani.
Ƙyas. Ya sake.
"Ga ta nan," in ji Tsalha.
"An aike ta cikin ɗaki, ta tsaya hira a hanya.
In da laima, ta samu abokiyar yawo."

Da gari ya waye na zare wayar.
A gwiwarta, ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa,
akwai tsaga, an naɗe ta da robar tayar keke,
naɗi bakwai, ƙulli biyu a ƙarshe,
irin ƙullin da Baba ke yi wa bakin buhu.
Ban san ranar da ya yi shi ba,
ko a wane daji dare ya riske shi.
Robar ta riƙe amana har ta bushe.

Sabuwar wayar ja ce, ta fita daban cikin 'yan'uwanta.
Tsalha ya ƙi kuɗi, ya ce riɗi kwano biyu.
Tsohuwar tana aljihun mota tare da takardu,
ban kwance ƙullin ba.

Jiya na tsaya a bakin tasha,
na sayi galan guda wajen yaron da na ƙaurace wa.
Ya ɗora mazurari, ya tace da ƙyallensa,
bai tambaye ni komai ba.